Nonon da Ya Kwana a Gana

Tun da na dawo ban huta ba. A bakin famfo tambaya, a islamiyya tambaya, har matar mai niƙa, wadda ko gaisuwar kirki ba ma yi, ta tare ni wai da gaske in mutum ya leƙa ta tagar jirgi yana hango Kado. Na kuma lura duk wadda na ba labarin sai ta ƙara nata gishirin kafin ta kai gaba. Shi ya sa na zauna na rubuta. A aji huɗu na tsaya, ku yi haƙuri da rubutun. Wadda ta iya karatu ta karanta wa sauran.

Ga waɗanda ba su san ni ba, Zulai nake. Maigidana kifi yake sayarwa a kasuwar Kado, nan Abuja. Yaro ɗaya gare mu, watansa goma, ɗan fari ne don haka ba za ku ga sunansa a takardar nan ba. Mahaifiyata, da muke kira Mma, 'yar Zangon Ankara ce ta ƙasar Gana. Ina da shekara bakwai suka rabu da babana ta koma gida, ni aka bar ni. Tun daga nan sai dai murya a waya. To, Yaya Awudu, ɗanta da ta haifa can kafin ta auri babana, shi ya kira ya ce ɓarin jikinta ya shanye, kuma sunana kawai take kira. Ya ce zai yankar mini tikitin jirgi, don a mota kwana biyu ne da iyaka uku.

Ranar da Iya, uwar maigidana, ta ji labari ta taso daga ƙauyensu na bayan Kwali. Ko ƙullin kayanta ba ta kwance ba ta fara magana. Ba ni take kallo ba, ɗanta take kallo.

“Ta je ta ga uwarta, haƙƙi ne. Amma jikana ba zai hau sama ba. Ba kuma zai je ƙasar da ake zuwa ba a dawowa ba.”

Maigida ya ce, “Iya, yana shan nono fa.”

“Ni da ruwan rijiya na shayar da kai? Nono yana kwana ɗaya a jikin mace, a wanke a ba yaro. In ya zarce haka ya zama guba. Yaushe za ta dawo?”

Maigida ya ɗauko takardar tikitin da aka bugo masa a shagon kwamfuta, yana bi da yatsa. “Laraba ƙarfe tara su tashi, goma saura minti goma su sauka. Kin ga minti hamsin ke nan. Alhamis ƙarfe ɗaya ta taso.” Ya ninke takardar ya ƙarasa lissafin da ka. “Kafin biyu ta sauka. Uku tana ɗakin nan.”

Iya ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. “Ni daga Kwali na fi haka a hanya. To na ba ta har la'asar. In na sallame la'asar ranar Alhamis ban ga ƙafarta ba, zan goya shi mu tafi. Ya yayu ke nan. In ya yi wayo ya dawo.”

Kun san abin da ake nufi da in ya yi wayo. Ɗan yayar maigidana da haka aka tafi da shi, yanzu shi ke kai wa Iya awaki kiwo, uwarsa kuma Anti yake ce mata. Ina tsugune a bakin ƙofa kaina a ƙasa. Me zan ce? Mace ta buɗe baki a gaban uwar miji a kan ɗan fari? Na dai ce Allah ya kai mu.

Anti Hajara ce ta tsaya mini. A ma'aikatar gwamnati take aiki, wajen maigida take sayen kifi, kuma ta dace tana da taro a Ankara a makon. Ita ta kai ni aka yi mini fasfo, aka kuma tsira mini allura aka ba ni wani kati ruwan ɗorawa. Na tambayi mai allurar sau biyu ko tana shiga nono. Ta ce a'a tana hararata. Abu ɗaya ne ban faɗa wa Anti ba, sharaɗin Iya. Kunya ta hana ni. Da na faɗa, da ta karɓi takardar nan ta karanta har ƙasa.

Ni dai tun a lokacin minti hamsin ɗin nan bai zauna mini ba. Tafiyar kwana biyu ta koma ƙasa da abin da wake ke yi a wuta? Na ce a raina akwai abin da ba a faɗa ba. Na sa maigida ya ba ni agogonsa na hannu, ya huda masa sabon rami da ƙusa don ya zauna a hannuna.

Laraba da sassafe na shayar da yaron har ya saki da kansa. Ban waiwaya ba da zan fita, Iya na tsaye. Direban Anti ya bi da mu ta Lugbe, hanya fetal, manyan gine-gine rabi an gama rabi ba a gama ba. A filin jirgi aka ce kowa ya ɗora kayansa a kan wani abu mai tafiya da kansa, ya shige cikin akwatin ƙarfe. Na riƙe jakata gam. Na ce wa Anti waye a ciki? Ta ce ba kowa, ido ne kawai. Na zagaya da sauri na tare ta ɗaya bakin, na buɗe na ƙirga ƙullina. Sai wata mai kaki ta zaro gorar rubutun da Malam ya yi mini na tafiya ta ce ba a shiga da ruwa.

Na ce, “Ba ruwa ba ne, rubutu ne.”

Ta ce, “Madam, ko ki sha ko ki bari.”

In bar mata ayar Allah ta jefa a kwandon shara? Rubutun kwana biyu ne, na kafa kai na shanye shi tas a gabanta. Abin da ya biyo baya shi ne tun jirgi bai gama tashi ba na matsu. Ban ɗakinsu kuwa, in kin danna abin ruwa, wata ƙara yake yi kamar zai zuƙe ki ke ma. Na fito da gudu ɗankwalina a hannu, wani Bature ya ɗaga kai daga jaridarsa ya ce mini sori.

Tashin kansa ba zan ɓoye muku ba, na yi kalmar shahada. Kunnena ya toshe, hanjina ya yi ƙasa. Kado kuwa ban gan ta ba, na dai ga jan ƙasa da duwatsu, sai hazo fari. Aka kawo abinci a kwali, burodi da wani nama siriri mai launin hoda. Ban san wa ya yanka ba, na cire shi na ci burodin.

Idona na kan agogo. Goma saura kwata na ɗaura ɗankwali na rungume jaka. Goma saura minti goma ta yi, muna sama. Goma ta buga, muna sama. Goma da rabi na taɓa Anti da ke gyangyaɗi.

“Anti, direban nan ya ɓata hanya ne?”

“Haba Zulai, relax. Agogonsu daban ne, muna gabansu da awa ɗaya.” Ta koma barcinta.

Ban gane ba, ban kuma yarda ba. Sha ɗaya saura minti goma daidai tayar jirgi ta taɓa ƙasa. Muna shiga babban zaure na ga wani ƙaton agogo a bango yana nuna goma. Na ce yauwa. Sun makara, shi ne suka mayar da agogon baya don kada a yi musu magana.

A wajen 'yan shige da fice wani baƙin mutum mai fara'a ya daɗe yana kallon hotona yana kallona. Fara'ar ce ma ta fi damuna. Anti ta amsa masa da Turanci ya buga hatimi. Na kwastan ya buɗe jakata, ƙamshin daddawa da busasshen kifi ya daki hancinsa, ya rufe da sauri ya yi mini nuni in wuce. A waje Anti ta ce mako guda za ta yi, dawowa ni kaɗai ce. Ta damƙa ni a hannun wani dogon mutum mai riƙe da kwali an rubuta sunana.

“Zulai! Ka zo lafiya? Kai, ka girma!”

Na waiga ina neman namijin da yake wa magana. Ashe haka Hausarsu take, mace da namiji duk ka ne, har sun fi 'yan Abuja. Ni ban taɓa ganin Awudu ba sai a hoto ɗaya na yarinta. Kowa ma ai zai iya rubuta suna a kwali. Na ƙi sakin jakata, na ce ya faɗa mini wane tabo Mma take da shi. Ya fashe da dariya, sai na ga wushiryar Mma sak a bakinsa. Ya ce ƙunar mai a bayan hannun dama, ta suyar ƙosai. Na shiga tasi.

Unguwarsu Nima ake ce mata. Lunguna ne matsattsu da kwatoci, gida a jikin gida, masallaci kusan kowace kwana, ga zafi mai ɗanko da ke sa zufa ta ƙi bushewa. Abin da ya ba ni mamaki a hanya, hotunan matattu manya-manya a bango, mutum ya sha ado kamar mai neman ƙuri'a. Awudu ya ce sanarwar jana'izar Kiristocinsu ce, wani sai ya yi wata a firji kafin a gama shiri. Da muka shiga gida kuma na tarar ba a tsugunawa daga nesa kamar mu. Hannu ake bi ana ba kowa, daga dama zuwa hagu. Na faro ta hagu, wata tsohuwa ta kama kafaɗata ta juya ni kamar akuya.

Mma na kwance a kan katifa a ƙasa. Ta ƙanƙance. Bakinta ya karkace, hannun hagu yana ajiye kamar ba nata ba. Duk maganar da na shirya tun ina yarinya, wadda ta haɗa da me ya sa, ta gudu. Ta ɗaga hannun mai tabon ta shafa fuskata, ta shafa kunnena, ta sauko. Sai ta tsaya a ƙirjina. Rigata ta jiƙe ban sani ba.

Da ƙyar maganar ke fita. “Ina… shi?”

Na ce yana gida wajen kakarsa. Ta rufe ido ta daɗe ba ta buɗe ba.

Matar Awudu, Fati, tana goyon 'yar wata uku. Ta ga yadda na cika har jijiyoyi sun fito, ta miƙo mini 'yar ta ce in ba ta in samu sauƙi. Mma ta buga katifa da hannu. Awudu ya fassara, wai in ta sha, ita da yarona sun zama wa da ƙanwa, an toshe aure tsakaninsu tun ba a je ko'ina ba. Ni kuwa wani abu na hango daban. In na shayar da tasu, gobe a ce ai ga wadda ta saba da ni, in ƙara kwana. Na ce a ba ni ruwan ɗumi da ƙoƙo kawai. Na tatsa a bayan gida ina kuka, na zubar a gindin wata ayaba.

Abincin rana dokunu ne, wani tuwon masara mai tsami a ƙunshe cikin ɓawon masara, da soyayyen kifi da baƙin yaji mai mai. Na sunsuna na ce wa Fati tuwon nan ya kwana. Ta ce kwana uku ma ya yi, haka ake so. Kifin nasu na teku ne, na faɗa mata gaskiya bai kai tarwaɗar Kado ba. Shinkafa da wakensu kuwa ja ce, da karan dafi suke dafa ta, a zuba a ganye. Wannan na ci.

Rigimar ta taso ne bayan azahar. Na yi sallata da agogona, na daɗe da shafawa sannan na ji ladan. Na duba agogon bangon ɗakin Mma, yana bayan nawa da awa guda cur, irin na filin jirgi. Ga Awudu tun zuwana yake cewa Fati ta gaji, jinya sai 'ya mace, ko mako biyu ne in yi. Na haɗa wannan da wancan. Na ce zan sayo maganin ciwon kai, na fita. Agogon mai kemis, baya. Na mai aski, baya. Na leƙa shagon tela, shi ma baya. Na ce a raina lallai Awudu yana da mutane a layin nan.

Na dawo na miƙa masa tikitin na ce ya karanta mini na komawa, har ƙasa.

“Ƙarfe ɗaya ka tashi. Huɗu saura minti goma ka sauka.”

“Biyu saura dai.”

“Huɗu saura. Ga shi nan.”

“Yaya, hanya ɗaya ce. Zuwa minti hamsin, dawowa kusan awa uku? Jirgin ƙafa ka yankar mini? Ko ta Makka zai bi?”

“Zulai, ka saurara. Zuwa da dawowa duk awa biyu ne babu minti goma. Rana yana riga fitowa a wajenku.”

“Rana nawa Allah ya yi?”

“Ɗaya.”

“To!”

Fati ta toshe baki tana dariya. Ni kuwa na fashe da kuka, kunyar ma ta tafi, na faɗa musu sharaɗin Iya duka. Awudu ya kira mini maigida a wayarsa. Na ce ya roƙi Iya ta ƙara mini zuwa magariba. Na ji ya rage murya, na san tana kusa. Ya ce, “Kin san halinta. Ta ce tun farko ta san za a zo da wani zance. Ki dai yi ƙoƙari.”

Wane ƙoƙari? Sai na tuna tasha. In kin yi sammako, motar farko kike samu. Na ce gobe da hantsi zan tafi filin jirgi, ko akwai wanda bai cika ba. Awudu ya yi rantsuwa cewa jirgi ba a lodi yake ba. Ni a lokacin ko cewa ya yi wuta da zafi sai na taɓa.

Da safe na yi wa Mma wanka, na shafa mata mai, na tsefe mata kai na yi mata kitso guda huɗu. Na ba ta koko da cokali, nasu yana da kanumfari da yawa. Ƙarfe tara a agogona na ɗauki jaka. Awudu ya ce, “Takwas ne fa yanzu. Awa biyar ka ke da shi. Ka zauna da uwarka.” Na kalli Mma. Ta kama bakin mayafina, na ɗauka riƙe ni za ta yi. Sai ta tura ni.

“Tafi. Kar… ki bari.”

Ita kaɗai ce a gidan ta ce mini ki.

Awudu ne da gaskiya, ba na jin nauyin faɗa. Na je wajen mai tikiti na ce ko tsaye ne zan iya. Ta ce jirgin Abuja ɗaya ne yau. Na zauna a kan kujerar ƙarfe ina kallon agogo biyu, nawa da nasu, awa huɗu da wani abu, ga Mma can tafiyar minti ashirin kacal. Wannan zaman har yau in na tuna shi abinci ba ya shiga.

A jirgin dawowa wata mata mai jiki ce kusa da ni, da tabarau da gicciye a wuya. Ta kalli rigata, ta kalli yadda nake duba agogo.

“Yarinya, pikin naka yana ina?”

Jariri take nufi, amma na yi kamar ban ji ba. Duk labarin masu satar mutane da fara'a suke farawa. Ta zaro tsumma mai tsabta daga jakarta ta miƙo ta ce in sa a ciki. Ta ce sunanta Mama Rifkatu, Bagwariya ce, nas a wani asibiti a Gwagwalada, kwas ta je. Ban san lokacin da na fara magana ba. Da aka kawo abinci ta ɗauki lemon da ke ciki ta kara shi a hasken taga tana juyawa a hankali. Ta sa farce ta yi alama biyu, ta ce nan Abuja, nan Ankara, duba wa haske ya fara samu. Na gani da idona. Amma na ce mata ni dai na san an karɓi awa guda a hannuna ranar da na fi bukatarta.

Ta ce, “Jiya ai an ba ka ita.”

“Jiya ban roƙa ba.”

Ta yi dariya har tabaranta ya zame. Sannan ta tambaye ni ƙauyen Iya. Na faɗa. Ta ce daga Kado babu motar da ke zuwa can kai tsaye, dole a sauka a Gwagwalada a canja. Wannan na sani, na bi hanyar sau biyu, kuma na lura duk sau biyun mun wuce mahaɗar da ake juyawa zuwa filin jirgi. Na auna abin. In na nufi Kado, ina shiga gari Iya na fita, mu yi saɓani a titi. In na nufi Gwagwalada, ni ce a gabanta.

Mama Rifkatu ta ce mijinta zai zo ɗaukarta, akwai wuri.

Huɗu saura minti goma muka sauka, wannan karon takarda da agogona bakinsu ɗaya. Kafin a gama duba fasfo huɗu da rabi ta yi. A masallacin filin jirgi har an idar da la'asar. Na tsaya a jikin motar mutanen nan, wata tsohuwar mota ruwan toka, ƙafata ta ƙi shiga. Ban san su ba, ba addininmu ɗaya ba, ba wanda ya san na bi su. Na karanta lambar motar a fili sau biyu don su ji na riƙe. Mijin ya ce, “Madam, ka ƙara da lambar injin.” Na zauna a baya hannuna a kan mabuɗin ƙofa har Gwagwalada. A bakin tasha suka sauke ni. Ina cikin neman kalmar godiya suka ja mota.

Na sami wajen motocin Kwali na tsaya kusa da wata mai tuyar awara. Mota ta farko ta cika ta tafi. Ta biyu ta fara lodi. Na fara cewa ko Iya ta sami wanda ya ɗauke ta kai tsaye, ko ta fasa tana can Kado tana jirana, ni kuma ina nan. Ƙirjina kamar an cusa duwatsu. Sai na ji kukan. A cikin hayaniyar tasha duka, da hon da 'yan kamasho, na gane shi kafin in gan su. Iya ce tafe da ƙulli a ka, shi a baya, ga jakar kayansa a hannunta, har da ƙaramin bahon wankansa.

Ƙafata ta so ta yi gudu. Na hana ta. Na je gabanta na tsuguna a cikin ƙasar tasha.

“Sannu da hanya, Iya.”

Ta ja da baya kamar ta ga aljani. “Ke! Daga ina?”

“Daga filin jirgi.”

“La'asar ta wuce.”

“Ta wuce, Iya. Amma kwana ɗaya na yi.”

Yaron ya ji muryata. Ya sandare, ya fara dukan bayanta yana miƙo hannu ta gefen zani. Ban kalle shi ba. Ƙasa nake kallo, ina ganin inuwar hannun.

Iya ta ce, “Nonon da ya hau sama ya sauko, ya ci abincin da ban sani ba? Sai na gwada.”

Ta ja ni bayan rumfar mai awara, ta ari murfin kwano. Na juya baya na tatsa a ciki. Ta duƙa a gindin bango inda kiyashi ke jan gari, ta tsinto uku ta saka a tsakiyar nonon. Ta ce in sun fito da rai, lafiyayye ne. In sun mutu, ta gama magana. Mai awara ta bar kaskonta ta zo tana leƙe. Ɗan kamasho yana ta ihu, Kwali mutum ɗaya, Kwali mutum ɗaya.

Na farko ya yi iyo ya kama bakin murfi ya fita. Na biyu ya zagaya sau biyu, shi ma ya fita. Na uku ya tsaya a tsakiya. Ya motsa ƙafa, ya daina. Mai awara ta ce, “Wayyo.” Yaron ya yi kuka har muryarsa ta dushe, sai shessheƙa.

Iya ta daɗe tana kallon murfin. Sai ta ce, “Wannan tun a ƙasa na ga rago ne.” Ta tsinci tsinken tsintsiya ta zura a hankali ta ƙarƙashinsa. Kiyashin ya maƙale. Ta ajiye shi a busasshiyar ƙasa, ya kwanta jim, ya miƙe ya bi 'yan uwansa yana tangaɗi.

“Uku,” in ji Iya. Ta kalli mai awara. “Ko ba uku kika gani ba?”

“Uku ne, Baba.”

Ta kwance goyon ta miƙo shi ba tare da ta dube ni ba. “Karɓi abinki. Ko koko ya ƙi, sai tofar mini yake yi.” Ta sauke bahon da jakar a gabana, ta gyara ƙullinta, ta ɗaga murya ta ce wa ɗan kamasho ga mutum ɗayan nan zuwa.

Na zauna a kan bencin mai awara na lulluɓe mu da mayafi. Ya sunsuna ni, ya kau da kai, ya yi fushinsa na ɗan lokaci. Sannan ya kama, ya gartsa mini haƙoransa biyun nan da ƙarfinsa duka. Hawaye ya zubo mini, amma ban ce wayyo ba. Motar Kwali ba ta tashi ba tukuna, kuma Iya ce a bakin taga.